Jinin Da Jariri Ke Bari A Mabiyiya: Yaushe Ya Kamata A Ɗaure Cibiya?

Shekaru da dama, abin da ke biyo bayan fitowar jariri a ɗakin haihuwa na asibiti sananne ne. Kafin ya gama kukan farko an matse cibiyarsa a wuri biyu, an sa almakashi a tsakani, an ɗauke shi gefe a goge shi a ɗora a sikeli. Matsewar da yankewar ba su wuce daƙiƙa goma zuwa ashirin ba, kuma ma'aikaciyar da ta fi zafin nama ita ake kira gwana. Haka aka koya wa ɗalibai, su ma haka suka koya wa na bayansu, ba wanda ya tsaya tambayar ina ake sauri zuwa. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya da manyan ƙungiyoyin likitocin mata da na yara sun sauya magana. Sun ce a dakata. Dalilin dakatawar, da iyakarta, da inda ake ci gaba da ja-in-ja a kai, su ne abin dubawa a nan.

Sai an san aikin cibiya tukuna. Igiya ce mai tsawon kamar santimita 50 zuwa 60, da jijiyoyi uku a cikinta: biyu na kai jinin ɗan tayi zuwa mabiyiya, ɗaya babba na dawo da shi ɗauke da iska da abinci. Jinin da ke yawo a wannan hanya na yaron ne, ba ya gauraya da na uwa. A lokacin haihuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku na jinin yaron da ya cika watanninsa yana cikin mabiyiya da igiyar, a bakwaini ma abin ya fi haka. Idan aka ƙyale cibiyar, jijiyoyin da ke fitar da jini daga jikin yaro su ne ke fara tsukewa, ita kuwa mai dawo da shi ta ci gaba da aiki, mahaifa na matsa mabiyiya, numfashin yaro na janyowa. Ana iya ganin abin da ido. Da farko igiyar a cike take, a murɗe, shuɗi-shuɗi, in ka riƙe ta da yatsu biyu za ka ji tana harbawa. Bayan ƴan mintuna sai ta yi fari, ta yi laushi, ta saki jiki. Jinin da ke cikinta ya koma wurin mai shi.

An auna yawansa tun da daɗewa. A ƙarshen shekarun 1960, Alice Yao da John Lind sun yi wannan aiki a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, suka nuna cewa mafi yawan jinin yana wucewa ne a minti na farko, saura ya biyo baya a hankali har zuwa wajen minti uku. Alƙaluman da likitoci ke yawan ambato su ne kimanin mililita 80 a minti ɗaya, da kimanin 100 a minti uku. Abin da bai kai rabin kofin shayi ba ke nan, mutum zai iya raina shi. To amma jaririn da ke da nauyin kilo uku, duk jinin jikinsa bai wuce mililita 300 ba. Da babban mutum za a rage wa irin wannan kaso, da an kwashe masa sama da lita guda.

Ita kanta ɗaurewar ita ce magana, ba yankewar ba, domin da zarar an matse igiyar hanya ta rufe, ko an yanke nan take ko an bari sai an jima duk ɗaya ne.

Amfanin jiran ba sabon ilimi ba ne. Tun a 1801 likitan Ingila Erasmus Darwin, kakan Charles Darwin, ya rubuta cewa saurin ɗaure cibiya na cutar da yaro, yana barinsa da rauni, kuma kamata ya yi a jira sai ya yi numfashi bugun igiyar ya tsaya. Yadda aka yi likitanci ya bar wannan hanya labari ne da ya kamata duk mai aikin lafiya ya sani, domin yana nuna yadda al'ada ke shiga asibiti ta zauna ba tare da an tambaye ta takarda ba. A ƙarni na 20 haihuwa ta koma asibiti a ƙasashen Turai da Amurka. Ana ba mata magungunan kashe zafi masu sa yaro ya fito a kasalance, sai a so a raba shi da uwa da sauri a duba shi. Daga baya aka fito da tsarin hana zubar jini bayan haihuwa, aka haɗa abubuwa uku wuri guda: allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, matse cibiya da wuri, da jan igiyar a hankali don mabiyiya ta fito. Da aka gwada tsarin, ciki har da babban gwajin da aka yi a Bristol aka wallafa a 1988, sai aka ga lallai yana rage zubar jini. Amma dunƙule aka gwada su, ba a ware an ga wanne ne ke aikin ba. Saurin matse cibiya ya shiga inuwar allurar ya samu suna. Sai daga baya, da aka bi su ɗaya bayan ɗaya, aka gane allurar ce ke ceton uwa. Bitar Cochrane ta 2013, wadda ta tattara gwaje-gwaje 15 da mata 3,911, ba ta ga bambanci a zubar jinin uwa ba, ko an matse da wuri ko an jira.

To me yaro ke samu in an jira? Babban abin shi ne sinadarin ayon, wanda jiki ke gina jajayen ƙwayoyin jini da shi, ƙwaƙwalwa kuma ke bukata wajen girma. Nonon uwa, duk da ba shi da na biyu, ayon ɗin cikinsa kaɗan ne. Jariri na rayuwa ne a watanni huɗu zuwa shida na farko da ajiyar da ya fito da ita daga ciki, kuma babban kason ajiyar a cikin jininsa yake. Jajayen ƙwayoyin da suka tsufa, jiki na fasa su ya adana ayon ɗinsu. Wanda aka bar masa jininsa duka ya fara duniya da guzuri mai yawa.

A 2006 mujallar The Lancet ta wallafa wani gwaji daga birnin Meziko, inda aka jira minti biyu ga wasu jarirai, aka matse wa wasu nan take. Da suka kai wata shida, waɗanda aka jira wa sun fi ajiyar ayon, kuma ribar ta fi fitowa ga ƴaƴan matan da su kansu ba su da isasshen ayon. Wasu suka ce ai wannan maganar ƙasashe matalauta ce. Sai Ola Andersson da abokan aikinsa suka gwada a Suwidin, inda ba a san yunwa ba, da jarirai 400. Sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna cewa a wata huɗu, ƙarancin ayon ya kama kashi 5.7 cikin 100 na waɗanda aka matse wa da wuri, amma kashi 0.6 kacal na waɗanda aka jira wa minti uku. Suka ci gaba da bibiyar yaran har shekara huɗu, suka ga ɗan fifiko ga rukunin jira wajen aikin yatsu, kamar riƙe fensir, da wajen mu'amala, musamman ga yara maza. Ba su ga bambanci a ma'aunin kaifin basira gaba ɗaya ba. Ina jaddada wannan ne saboda akan ji masu wayar da kai suna cewa jinkirin yanke cibiya na sa yaro ya zama haziƙi. Binciken bai faɗi haka ba, kuma ƙarin gishiri na ɓata gaskiya mai kyau.

Gwajin da ya fi kusa da halin da muke ciki shi ne na Kathmandu a ƙasar Nepal, da jarirai 540, wanda ya fito a 2017. A wata takwas, ƙarancin jini ya kama kashi 73 cikin 100 na waɗanda aka jira wa minti uku, da kashi 82 na sauran. An samu sauƙi, amma har yanzu bakwai cikin goma na fama. Jiran cibiya ba zai maye gurbin abinci mai gina jiki ba, ba zai kori zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki ba, ba zai warkar da sikila ba. Abin da ya bambanta shi da sauran matakai shi ne ba a sayensa, ba ya bukatar firji ko wutar lantarki, ba a cewa ya ƙare a sito. A Najeriya, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 68 cikin 100 na yara ƴan wata shida zuwa ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 na matan da ke shekarun haihuwa, ba mu da dalilin barin abu na kyauta ya tafi rami tare da mabiyiya.

Maganar bakwaini ta fi wannan nauyi, domin a can rai ake lissafawa. Su ne aka fi gaggawar rabawa da uwa, da kyakkyawar niyya kuwa, don a ruga da su wurin ɗumi da na'urar numfashi. Su ne kuma gaggawar ta fi cutarwa. A cikin ciki huhu ba ya aiki, jini kaɗan ke bi ta cikinsa, don haka jinin da ke cika zuciya yawanci daga mabiyiya yake zuwa. Da yaro ya ja numfashi, jijiyoyin huhu su buɗe, huhu ya karɓi wannan aiki. In aka datse igiyar kafin huhun ya buɗe, an rufe tsohuwar hanya ke nan sabuwa ba ta fara ba, sai jinin da zuciya ke turawa ya faɗi, bugunta ya ragu, hawan jini ya yi sama ya yi ƙasa. Masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostareliya, ƙarƙashin Stuart Hooper, sun nuna wannan ƙarara a jikin ƴaƴan tumaki a 2013. Jijiyoyin ƙwaƙwalwar bakwaini kuwa sirara ne ƙwarai, ba sa jure irin wannan girgiza.

Babban gwajin da Ostareliya ta jagoranta a 2017, da jarirai 1,566 da aka haifa kafin mako 30, bai ba da amsa yankakkiya ba. Da aka haɗa mutuwa da manyan cututtuka aka lissafa tare, rukunan biyu sun zo daidai, ko da yake mutuwar ita kaɗai ta yi ƙasa a rukunin jira, kashi 6.4 a kan kashi 9. Sai da aka tattara gwaje-gwaje da yawa hoton ya fito. A ƙarshen 2023 The Lancet ta wallafa babban nazarin da Anna Lene Seidler ta Jami'ar Sydney ta jagoranta, wanda ya nuna jinkirta matse cibiya na rage haɗarin mutuwar bakwaini kafin sallama daga asibiti da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma jiran minti biyu ko fiye ne ya fi alamar amfani. An kuma daɗe da lura cewa bakwainin da aka jira wa ba su cika bukatar ƙarin jini ba. Duk wanda ya taɓa yawon neman jini da dare a garuruwanmu ya san darajar wannan.

Akwai abin tsoro, ba za a ɓoye ba, shi ne shawara. Jini mai yawa na nufin ƙwayoyin da za a fasa su ma da yawa, daga fasa su kuwa ake samun sinadarin da ke sa ido da fata su yi rawaya. A bitar Cochrane ɗin nan, jariran da suka bukaci a sa su ƙarƙashin fitilar shawara ba su kai 3 cikin 100 ba a rukunin gaggawa, a rukunin jira kuwa sun ɗan haura 4. Wasu gwaje-gwajen, har da na Suwidin, ba su ga wannan ƙari ba. A ƙasar da ake duba jariri kullum a kwanakin farko, wannan ƙaramin al'amari ne. A wurinmu ba zan kira shi ƙarami ba. Ana sallamar mai jego sa'o'i kaɗan bayan haihuwa, jariri ya shiga ɗaki mai duhu a naɗe cikin zannuwa har ranar suna, fitilar shawara kuma sai manyan asibitoci. Shawara mai tsanani na taɓa ƙwaƙwalwa ta bar yaro da nakasa. Sai dai manyan masu jawo ta a nan su ne saɓanin rukunin jini tsakanin uwa da ɗa, da ƙarancin sinadarin G6PD da ake gada, da cutar da ke shiga jini, da haihuwar bakwaini, waɗanda saurin almakashi ba ya maganinsu. Abin yi shi ne a riƙa fito da jariri cikin hasken rana kowace safiya a makon farko, a dubi farin idonsa, a danna goshinsa ko hancinsa a ga launin da zai bayyana. In an ga rawaya, ko ya daina kama nono, a nufi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Mintuna nawa ke nan? Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagororinta na 2012 da 2014, ta ce kada a matse kafin minti ɗaya, a yi tsakanin minti ɗaya zuwa uku, ga cikakken yaro da bakwaini, haihuwa da kai ko ta tiyata, har ga uwa mai ɗauke da cutar HIV. Hukumar NICE ta Birtaniya ta ce bayan minti ɗaya, kafin minti biyar, sai in uwa ta nemi a ƙara. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka a 2017 ta tsaya a kan aƙalla daƙiƙa 30 zuwa 60. A ganina wannan na Amurka ƙasan magana ne. Ga yaron da ya fito yana kuka, uwarsa lafiya, ban ga abin da ake asara ba in an kai minti uku, musamman a inda ƙarancin jini ya yi katutu. Kuma jiran ba zaman banza ba ne: a cikinsa ake goge yaro da busasshen zane, a kwantar da shi a kan cikin uwa fata da fata, a lulluɓe su, a yi wa uwa allurarta. An taɓa zaton sai an riƙe yaro ƙasa da uwa jinin zai gangaro, amma gwajin da aka yi a Ajantina a 2014 ya nuna ko a kan cikinta aka ɗora shi, jinin na wucewa daidai.

Inda ba a jira kuma a bayyane yake. In uwa na zubar da jini mai yawa, ko mabiyiya ta ɓalle kafin haihuwa, ko igiyar ta tsinke, babu abin da za a jira. Sai yaron da ya fito shiru, jikinsa a sake. A goge shi da ƙarfi, a murza bayansa. Da yawa a nan suke farfaɗowa, igiyar na nan tana taimakonsu. In bai yi numfashi ba, ƙa'idar da ake koyarwa ita ce a fara hura masa iska da jakar numfashi kafin minti ɗaya ya cika, in kuwa ba za a iya yin hakan a gefen uwa ba, a matse a yanke a kai shi inda za a iya. Numfashi ne gaba da komai. Masana na gwada ƙananan gadaje da ake turowa kusa da uwa don a farfaɗo da yaro cibiyarsa na haɗe, tunda shi ne ya fi kowa bukatar jinin, amma har yanzu ba a kammala hukunci a kai ba. Akwai kuma dabarar tatsar igiyar da yatsu zuwa wajen yaro in babu lokacin jira. Ta yi farin jini na ɗan lokaci, sai gwajin Anup Katheria na 2019 ya tsaya kafin ƙarshensa, saboda an ga zubar jini mai tsanani a ƙwaƙwalwa ta ƙaru ga bakwainin da ba su kai mako 28 ba. Ga irin waɗannan ba a tatsa.

Yanzu mu dawo gida. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna kashi 39 cikin 100 kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa mafi rinjaye a ɗaki ake yi. A al'adar gidajenmu da yawa, mace kan durƙusa ita kaɗai ko da wata tsohuwa a kusa, sai yaro ya faɗo a aika kiran ungozoma, ita kuma ba ta taɓa cibi sai uwa ta biyo baya, wato mabiyiya ta faɗo. Ta fuskar lokaci, wannan yaro ya samu jininsa cif. Abin da asibiti ya sha wahalar komawa gare shi, tsofaffinmu ba su taɓa barinsa ba. Amma kada wannan ya sa mu yi ta tafa wa kanmu, domin a wannan jiran ne ake yin wata ɓarnar. Yaro na kwance a ƙasa, jiƙe, ba wanda ya goge shi ko ya rufe shi, sanyi na shigarsa. In bai yi kuka ba, babu mai hura masa iska. In mabiyiya ta maƙale, uwa na ta zubar da jini ana jiran tsohuwa ta iso. Sannan ga tsohuwar reza, ga zaren da aka tsinko daga gefen zane, ga gashin cibi da tsumma, ga man goge baki ko toka da wasu ke shafawa. Ta nan sarƙe-haƙora da cutar jini ke shiga. Ga kuma dakashi da ake matsewa a zubar, alhali shi ne rigakafin farko.

Tsorona shi ne a gyara abin da bai lalace ba. In ana horar da ungozomomin gargajiya, kada a koya musu saurin yanke cibiya da sunan zamani. A bar musu haƙurinsu, a ƙara musu wanke hannu da sabulu, sabuwar reza daga cikin takardarta, tafasasshen zare, busasshen zane biyu, da man chlorhexidine da gwamnatin Najeriya ta amince a riƙa shafa wa cibi, wanda jihohin Sakkwato da Bauchi na cikin na farko da suka rarraba shi gida-gida. Ba kuma a ce a bar mabiyiya maƙale da yaro kwana da kwanaki ba, kamar yadda wasu tsiraru ke yi a Turai. Da jini ya gama wucewa ta zama mataccen nama, ba abin da za ta ƙara sai cuta.

A asibiti kuwa matsalar ba rashin sani ba ce kawai. Ma'aikaciya ɗaya na kan mata uku ko huɗu masu naƙuda, hannunta ya saba da tsohon tsari, kuma minti ɗaya a ɗakin haihuwa tsawo gare shi. Wanda ya ƙiyasta da ka, sau da yawa daƙiƙa ashirin zai yi ya ce minti ya cika. Shugabannin ɗakunan haihuwa su rataya agogo mai hannun daƙiƙa inda kowa zai gani, su sa a riƙa rubuta lokacin da aka matse cibiya a katin haihuwa kamar yadda ake rubuta nauyin yaro. Ke kuma mai juna biyu, ranar awo ki tambayi malamar da ke duba ki minti nawa suke jira kafin su ɗaure cibiya, ki gaya mata in ke da yaron kuna lafiya kina so a kai minti uku. Ki sanar da wadda za ta raka ki ma, domin a lokacin ba lallai ki iya magana ba.